Fankar Gaban Inji: Daga Zamanin Tsattsewa Zuwa Garejin Titirou

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohuwar motar kaya lokacin da direba ya taka totur ya san ƙarar da nake nufi. Ban da rurin injin kansa, akwai wani huci mai kauri da ke fitowa daga gaba, kamar iskar hadari ta shiga rumfar kwano. Hucin fanka ne. Da shi na tashi a unguwar Titirou, nan cikin Parakou, domin kawuna yana da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin wadda mutanen nan ke kira bashe, kuma da ita yake jigilar doya da masara tsakanin Parakou da Djougou. Da bazarar bara motar ta fara tafasa ruwa a hanya, sai wani matashin bakanike ya ba shi shawarar ya cire fankar da bel ke juyawa, ya ɗaura ta lantarki.

"Baba, duk motocin yanzu ta lantarki ce a jikinsu," in ji shi.

Kawu ya ce, "To, ɗana, su motocin yanzun buhu nawa suke ɗauka?"

Yaron bai amsa ba, amma kawu ya yarda aka yi aikin, domin kuɗin mai ya dame shi. Abin da ya biyo baya ne ya sa na zauna na bi diddigin wannan ɗan ƙarfe, yadda ya zo mana da yadda ya sauya, domin na lura gardamar ta bazu a garejoji, kuma yawancin masu yin ta ba su san dalilin da ya haifi kowace fanka ba.

Hanyar nan tamu hanyar kaya ce tun kafin a san mota. Fataken Kano da Katsina ta Nikki da Parakou da Djougou, wadda suke kira Zugu, suke bi zuwa Gwanja sayen goro, da jakuna da 'yan dako, suna yada zango inda akwai ruwa. Unguwar Zongo ta Parakou shaidar wannan zamani ce. Sai Faransawa suka shimfiɗa dogo daga Kwatano, ya iso Parakou a 1936 bayan kilomita 438, ya kuma tsaya nan. Wannan tsayawar ce ta mai da garin nan garin direbobi da kanikawa. Duk abin da jirgi ya sauke, in arewa za shi, dole ya hau babbar mota ya yi tafiyar kilomita wajen 320 zuwa Malanville, a bakin kogin Kwara.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙirƙiro wani shiri da ta kira Hirondelle, wato Tsattsewa. Manufarsa ita ce gyaɗar Maradi da Damagaram, wadda a da take bin jirgin Kano zuwa Ikko, ta juyo ta biyo ta Dahomey. Motoci su sauko da gyaɗa Parakou, su koma da kayan da jirgi ya kawo daga teku. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, a 1959 kuma aka kafa hukumar sufurin haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan ƙasar ta sauya suna zuwa Benin a 1975. Dattawan direbobin da suka rage a garin nan, ko su ko iyayen gidansu, a wannan makaranta suka koyi tuƙi.

Motocin wancan zamani, irin Berliet da ake ƙerawa a Lyon da Mercedes mai guntun hanci wadda ta fito a 1959, fankarsu ba ta da wani sirri. Fikafikan ƙarfe ne aka ɗaure da noti a kan famfon ruwa, bel yana ɗauko juyi daga inji yana kawo musu. Muddin inji na numfashi, fanka na juyawa. Tsarin ma ya girmi motocin, domin tun a 1901 Wilhelm Maybach ya sa wa Mercedes ta farko lagireto mai ramuka kamar saƙar zuma, da 'yar fanka a bayansa tana jawo iska. Dalilin kuwa bai canja ba har yau: kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona ta ruwa yake fita, ruwan kuma ba ya hucewa sai iska ta ratsa lagireto. Idan mota na gudu, iskar hanya na yin aikin. Idan tana rarrafe, sai fanka.

Motocinmu kuwa a wancan zamani rarrafe suke yi. Hanyar jar ƙasa ce mai kwazazzabai, lodi ya wuce ƙa'ida, rana kuma a Kandi da Malanville cikin watan Maris da Afrilu takan kai maki 40. A irin wannan tafiya direba yana giya ta biyu ko ta uku, inji yana ihu, mota tana tafiyar hawainiya. Nan ne fankar bel take nuna amfaninta, domin ba ruwanta da gudun taya, gudun inji take bi. Lokacin da inji ya fi wahala, lokacin ne ta fi busa iska. Abin da take buƙata daga direba kaɗan ne: ya duba ƙarfin bel da safe, ya rataye wani sabo a bayan kujera, yaron mota ya cika jarkar ruwa. In bel ya tsinke a daji, har igiya akan ɗaura a lallaɓa zuwa gari na gaba. Wasu masu motar sun guje wa ruwan ma gaba ɗaya suka sayi Magirus-Deutz, wadda iska zalla ke sanyaya injinta, amma ita ma fankarta daga inji take samun juyi.

To, ina aibinta? Tana aiki ko ana bukatarta ko ba a bukata. Da asubar hunturu, lokacin da inji ke neman ɗumi, tana busa masa sanyi. A kan kwalta mai kyau, inda iskar hanya ta wadatar, tana ci gaba da cin ƙarfi. Kuma cinta ba na wasa ba ne, domin ƙa'idar fanka ita ce in gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take ci yakan ninka sau takwas. A ƙaramar mota dawaki kaɗan ne, a gingimari kuwa gomomin dawaki ne ke tafiya wajen kaɗa iska. A Turai, inda sanyi ya fi yawa, tituna suka yi santsi bayan yaƙin duniya na biyu, wannan asara ta tsone wa injiniyoyi ido. Daga nan tarihin fanka ya zama tarihin neman hanyar kashe ta idan ba a bukatarta.

Peugeot na cikin waɗanda suka fara. A ƙarshen shekarun 1950 ta sa wa 403 fanka mai kama kanta da sakin kanta, aka ci gaba da ita a 404 wadda ta fito a 1960, da 504 ta 1968. Bel ne dai ke juya ta, amma akwai maganaɗisun lantarki a cikin fulin famfon ruwa. In ruwa ya yi zafi, wani ɗan makunni da ke jikin lagireto ya ba da wuta, maganaɗisu ya cafke fanka ta soma aiki. In ya huce, ya sake ta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin 404 da 504 su ne bashe da tasi na ƙasar nan shekara da shekaru, ga kuma masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 tana ƙara yawansu a yankin. A wajen lokacin da Peugeot ta fara tata, a Amurka da Jamus aka bi wata hanyar dabam, wato kulocin mai. Wani mai ne mai kauri na silikon a cikin gwangwanin alminiyam, da wata 'yar naɗaɗɗiyar waya a goshinsa mai jin zafin iskar da ta fito daga lagireto. Zafi ya ƙaru, wayar ta murɗa ta buɗe wa man hanya, fanka ta kama. Shi ne a jikin Toyota Hilux da Land Cruiser da muke gani.

Ita kuwa fankar lantarki zalla, mai motarta a jikinta, abubuwa biyu ne suka ba ta wuri. Na farko altaneta. Tsohon dainamo ba ya ba da wutar kirki in inji yana sulo, alhali a lokacin ne aka fi bukatar fanka. Sai da altaneta ta shigo motocin kasuwa, daga Chrysler a 1960, sannan aka sami wutar da za ta riƙe ta. Na biyu kwanciyar inji. Da masu ƙera ƙananan motoci suka soma kwantar da inji a gicciye don tayoyin gaba su ja mota, kamar Fiat 128 a 1969 da Volkswagen Golf a 1974, fulin inji ya koma kallon gefen taya, lagireto kuma yana gaba. Bel ba shi da hanyar kaiwa can cikin sauƙi. Tashin farashin mai na 1973 ya ƙara tura kowa wannan hanya. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa gardamar ta tsaya: don ƙaramar motar birni aka reni fankar lantarki, mota mara nauyi wadda ko dai tana gudu a kwalta ko tana tsaye a cunkoso.

Da waɗannan dabaru suka iso hannun kanikawanmu, abin da suka yi musu sananne ne. Sun kulle su. Fankar Peugeot tana da ɗan gawayi da ke kai wuta ga maganaɗisu, ƙura na cinye shi, makunnin jikin lagireto kuma yana mutuwa ba sallama. Sai bakanike ya ɗaure notocinta tam, ta koma juyawa kullum kamar ta Berliet. Kulocin mai in ya tsiyaye, a huda shi a sa kusa, ko a yi masa walda. Ban ga laifinsu a nan ba. Mutumin da inji ya taɓa buga masa tsakanin Bembèrèkè da Kandi da tsakar rana, ba gari gaba ba gari baya, ya fi son ya ƙona ɗan mai da ya dogara da waya mai kaurin tsinke. Inda na saɓa da su shi ne cire tamosta, al'adar da ta zama kamar farilla a garejojinmu. An ɗauka na ƙasar sanyi ne. Alhali aikinsa riƙe inji a zafin da ya dace, wajen maki 80 da ɗoriya, kuma injin da ke yawo a sanyaye yana shan mai, yana hayaƙi, yana cin ringi. A wasu injunan ma, in an cire shi, wani kason ruwan yakan riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya shiga lagireto ba.

Fankar lantarki ta cika kasuwarmu ne ta hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A shekarun 1990 tsofaffin motocin Turai suka yi ta kwararowa, wasu su tsaya nan, mafi yawa su wuce Nijar da Nijeriya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabon kayan gyara daga Faransa ya fi ƙarfin talaka, kowa ya koma kan kayan kwance. A cikin tarin kayan nan akwai fankokin lantarki da aka ciro daga ƙananan motoci, masu araha, masu kyan gani, ba ƙara. Duk da haka masu motocin kaya ba su damu da su sosai ba, domin man kpayo da ake shigowa da shi daga Nijeriya yana da arha. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, kwalbar kpayo ta yi tashin gwauron zabo a bakin titunan Parakou. Watanni biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe gadar Malanville, ɗaruruwan motoci suka yi layi, aiki ya ja baya. Mai mota ya shiga lissafin kowace lita. A wannan yanayi ne shawarar cire fankar bel ta sami masu saurare.

Sai dai lissafin yana da ɗaya gefen, kuma ba wuya gare shi. Fankar lantarki irin ta ƙaramar mota tana jan wuta wajen amfiya 20 zuwa 30 a batir mai bolt 12. Ka ɗauki 25 ka ninka da 12, ka sami wat 300. Doki ɗaya na inji wat 740 ne da 'yan kai. Ke nan duk ƙarfinta bai kai rabin doki ba, alhali fankar bel a bashe mai lodi tana hawan tudu tana iya sa dawaki da dama cikin iska. Wannan ƙarfin da ake kuka tana ci, ai shi ne iskar da ke hana inji tafasa. Kuma rabin dokin ma ba kyauta ba ne, daga altaneta yake fitowa, altaneta kuma bel ne ke juya ta. Tsofaffin motocinmu da yawa altanetarsu ba ta wuce amfiya 35 zuwa 55 ba. Ka kunna fitilu da dare, ka ƙara fanka, batir ya soma ramewa ba ka sani ba. Sannan ga rile, ga fis, ga makunni, ga wayoyi, kowanne ƙofa ce da matsala za ta shigo, a hanyar da girgiza ke kwance noti, ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, damina kuma ta cika kwari da laka. Bel in zai mutu yakan yi kuka, ya tsattsage, ido ya gani. Rile shiru yake mutuwa, sai dai ka ga allurar zafi ta hau, in ma allurar tana aiki.

Ba na hana ta haƙƙinta. In mota tana tsaye inji na sulo, fankar bel tana juyawa a hankali, ta lantarki kuwa tana kan cikakken gudunta. Mai rarrafe a cunkoson Kwatano, ko a layin shiga masana'antar gurzar auduga, inda ake matsawa taku biyu a tsaya, zai ji daɗinta. Haka mai na'urar sanyaya ɗaki a motarsa. Wanda motarsa ba ta ɗaukar nauyi, yawonsa cikin gari ne, altanetarsa kuma sabuwa ce mai ƙarfi, zai iya komawa lantarki ya zauna lafiya, har ya ga ɗan sauƙi a mai. Amma a dubi manyan titan da ke ratsa garin nan yau, Mercedes Actros da Renault da DAF da Howo ta Sin. Kamfanonin da suka ƙera su ba su rasa ilimin lantarki ba, motocin cike suke da kwamfuta, amma babbar fankarsu har yanzu inji ne ke juya ta. Abin da suka sabunta kuloci ne, yanzu kwamfuta ke gaya masa lokacin kamawa da saki.

Motar kawu ta yi sati biyu lafiya lau a cikin gari. Ranar da ya yi mata cikakken lodin doya ya nufo gida daga Djougou, tafiyar kilomita 130 da wani abu, bai yi rabin hanya ba ruwa ya tafasa. Allah ya taimaka ya lura da wuri ya kashe inji, kan inji bai lanƙwashe ba. Da aka jawo ta Titirou, wani dattijon bakanike, wanda a kan Berliet ya koyi aiki, bai ko kalli fankar ba da farko. Fitila ya sa a bayan lagireto ya ce kawu ya leƙa ta gaba. Haske da kyar yake fitowa. Ramukan sun toshe da ƙura da zaren auduga, irin wanda ke tashi daga motocin auduga tun daga Disamba har bazara, ya haɗu da maiƙon inji ya zama kamar bargo. A ciki kuma ruwan rijiya na shekaru ya bar farin dutse a bututu. Murfin lagireto robarsa ta mutu, alhali murfi mai riƙe iska shi ke sa ruwa ya wuce maki 100 bai tafasa ba, mai ƙarfin bar ɗaya yakan kai shi wajen 120. Kwandon da ke kewaye fanka, wanda ke tilasta mata jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe, an cire shi tun wani gyara da aka yi da daɗewa, ba a mayar ba.

"Alhaji," in ji dattijon, "tun farko ba fanka ce ta gaza ba. Hanci ne ya toshe."

Ya wanke lagireto ciki da waje, ya sa sabon murfi da tamosta, ya nemo kwando a wurin masu kayan kwance, ya mayar da fankar bel da sabon bel, ya daidaita ta yadda rabin fikafikanta ke cikin kwandon rabi a waje. Ta lantarkin bai yar da ita ba. Ya ɗaura ta a gaban lagireto, ya tabbatar tana tura iska ciki ba waje ba, ya ja mata waya mai kauri da rile da fis nata na kanta, ya sa makunni kusa da sitiyari don kawu ya kunna ta in ya shiga layi. Matashin da ya yi aikin farko yana tsaye yana kallo, kuma na ji daɗi da dattijon bai kunyata shi ba, sai ma ya ba shi aikin wayar, domin a nan hannunsa ya fi gwaninta.

Ga mai tsohuwar motar kaya da ke bin hanyar Djougou da Natitingou, ko ta Kandi da Malanville, da lodi a bayansa, shawarata ita ce ya bar fankar bel a inda maƙerinta ya sa ta. In tana da kuloci, a gyara shi ko a sake shi, kada a yi masa walda sai in babu yadda za a yi. Ta lantarki ta zama mataimakiya. Kafin kuma ya kashe ko dala a kan kowace fanka, ya sa fitila a bayan lagireto ya leƙa. Motar kawu ta yi sauran bazarar nan, ta yi damina, ta shiga wani hunturun tana zuwa Djougou sau biyu a mako, ba ta sake tafasa ba.